Ku ce hoton bai fito ba, mu ji

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Za ku kalli hotunan Julia Margaret Cameron, ku karkata kai, ku ce: "Malam, ai wannan dishi-dishi ne, a sake ɗauka." To ba ku ne farau ba. Masu sana'ar hoto na Landan sun riga ku da shekara 160, har a mujallunsu sun rubuta cewa matar nan ba ta iya saita kyamara ba. Yau sunayensu sai an tono, ita kuwa hotunanta suna gidan tarihi na Victoria and Albert ana ta zuwa kallo.

A Kalkata ta ƙasar Indiya aka haife ta a 1815, kuma ba ta mallaki kyamara ba sai a ƙarshen 1863, tana da shekara 48, lokacin da 'yarta da surukinta suka kawo mata kyauta don ta rage kaɗaici a gidanta na Freshwater, a tsibirin Wight na Ingila. Masu cewa "ni girma ya kama ni, ba na iya koyon sabon abu" sai su gyara zama. Ɗakin ajiye kwal ta mayar wurin wanke hoto, ta kori kaji daga akurkinsu mai gilashi ta mayar da shi ɗakin ɗauka. Zuwa Janairun 1864 ta samu hoton farko da ya gamshe ta, na wata ƙaramar yarinya.

Ku da kuke danna waya sau ashirin kafin ku zaɓi ɗaya, bari ku ji yadda ake yi a lokacin. Farantin gilashi ake shafa wa wani sinadari mai danƙo, a tsoma shi cikin ruwan azurfa, a sa a kyamara tun yana jiƙe, a ɗauka, a ruga a wanke kafin ya bushe. Gashi ɗaya ya faɗa, sai ya fito a hoton. Ruwan azurfar kuma ya baƙanta yatsu kamar an ƙunsa lalle ya kwana biyu. Wanda ake ɗauka sai ya zauna mintoci bai motsa ba. Charles Darwin ya yi mata wannan zaman a 1868. Mawaƙi Alfred Tennyson, da yake maƙwabcinta ne, ya sha shi ya ƙoshi. Masanin taurari John Herschel ma ya zauna a 1867, ya fito da farin gashi a hargitse, ido ya yi zuru-zuru, duk shekarunsa a rubuce a fuska.

A nan ne na rabu da ku. Kuna ganin kuskure ne, alhali da gangan take yi. Tana murɗa idon kyamara, da zarar fuskar ta yi mata kyau sai ta tsaya, ba ruwanta da sai kowane gashin gira ya fito. Sauran masu hoto suna tsayar da mutum daga nesa, hannu a kan tebur, ya ƙame. Ita sai ta matso har kai ya cika gilashin, ta bar haske ya faɗo ta gefe ɗaya, sauran duhu. In garau kuke so, ku ciro katin shaidarku ku duba. Tsakani da Allah, wa ya taɓa rataya shi a falo?

Na ji wani daga baya yana cewa: "Matar masu hali ce, ga barori, wasa kawai take yi." Halin dai akwai, ban musa ba, kuma baranyarta Mary Hillier ta gaji da ɗaura mayafi tana fitowa a matsayin Maryam uwar Isa. Amma mai wasa ba ta zuwa ta yi wa hotuna sama da 500 rajistar haƙƙin mallaka, ba ta kai su wa dillali a Landan ya sayar. A 1865, shekara biyu ba ta cika ba da fara aiki, gidan tarihin South Kensington ya sayi 80 daga ciki. Alhaji mai situdiyo, nawa aka saya a naka?

Wasu hotunan nata na tatsuniyoyin sarakuna, da gemun aro da fukafukan mala'iku a kafaɗun yara, ni ma dariya suke ba ni. Wannan na bar muku, ku ci.

A 1875 ita da mijinta suka tattara suka koma Silon, wato Siri Lanka ta yau, inda suke da gonakin kofi. Cikin kayan da aka loda musu a jirgin ruwa har da akwatunan gawa guda biyu, don ba su yarda za su samu a can ba, kuma suka cika su da tangaran don kada wuri ya tafi a banza. Can ta rasu a 1879. Macen da ta tafi da akwatin gawarta a hannu, ku ne za ku koya mata tsara aiki?