Badamagare a Kan Kogin Isa

Mu mutanen Damagaram mun san darajar ruwa fiye da kowa a Nijar, domin a jarka muke ganinsa, kuma da kuɗi. Ƙarancinsa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Har gobe daga Gogo da Machaya da Arungoza da Ganaram ake turo mana shi, in bazara ta kama kuwa mai ga-ruwa ya fi ɗan majalisa wuyar gani. Saboda haka in ka ce wa Badamagare akwai masu biyan miliyoyi don su kwana a kan ruwa, su ci, su sha, su dawo inda suka tashi ba tare da sun sayar da ko buhun wake ba, zai ce tatsuniya kake masa da rana.

Ɗan ƙanwata da ke aiki a Yamai ne ya nuna mini irin jirgin da ake wannan yawo a cikinsa a wayarsa. Icon of the Seas sunansa, ya fara aiki a Janairun 2024 daga Miyami ta Amurka, tsawonsa mita 365, bene 20, yana ɗaukar fasinja har 7,600. Da ya ce akwai tafkin wanka bakwai a ciki, sai na tambaye shi unguwa nawa ke ɗiba a wurin. Ya ce babu, wasa kawai ake yi a ciki. A ranar na shelanta wa majalisarmu ta bakin kasuwar Dole cewa sai na hau jirgin nan kafin in mutu. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, kafin teku a fara gaisawa da gulbi. Ka zo Yamai."

A watan Mayu na kama hanya, kilomita kusan 900, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Da muka hau gadar Kennedy, wadda ke tsaye tun 1970, na leƙa ƙasa don in ga kogin Isa, wanda aka ce ya taso daga duwatsun Gine ya yi tafiyar kilomita sama da 4,000 kafin ya faɗa teku a Najeriya. Rairayi na gani, da shanu, da masu wanki, da ɗan ruwa yana ratsawa a tsakiya. Na ce, "Wannan ne ake yi mana burga da shi?"

A bakin ruwa muka tarar da kwale-kwale biyu. Na farko yana da rumfa da kujeru da rigunan ceto, kuɗinsa da ɗan nauyi. Na biyu ba shi da komai sai inji da wani yaro riƙe da rabin jarka. Ɗan ƙanwata ya raɗa mini cewa araha ba ta ado, na tuna masa tun ba a haife shi ba nake ciniki a Dole. Muka shiga na biyu, za mu Bubon, garin masu ginin tukwane da ke cin kasuwa ran Laraba, kimanin kilomita 25 sama da Yamai. Na yi shigar da ta dace da mai yawon shaƙatawa: babbar riga ta shadda, hula, takalmin fata aikin dukawan garinmu, da ledar kilishi.

Ba mu yi nisa ba na gane aikin rabin jarkar. Ruwa na tsattsafowa ta ƙasan jirgin, yaron na kwasa yana watsarwa waje. Tsoro bai fara kama ni ba, takaici ne ya fara. Na ce, "Kai yaro, ba ka da tarbiyya? Ruwa ake zubarwa haka?" Wani Bafillace da ke gefena ya dubi tsagar fuskata ya ce, "Babarbare, in ya ba ka tausayi ka buɗe aljihu a zuba maka ka kai gida." Jirgi ya ɗauki dariya.

Can sai na hangi wani baƙin abu ya turo baya a tsakiyar ruwa. Na miƙe tsaye na kwarma ihu, "Dorina!" Jirgi ya karkata, wata mata ta saki kwandon albasa, hulata ta kama hanyar Gaya. Mai jirgi, wani Bazabarme da Hausa ta zauna a bakinsa, ya ce, "Alhaji, don Allah zauna. Dutsen nan tun kakana yana nan, bai taɓa cizon kowa ba."

Na zauna ke nan ciyawa ta naɗe farfela, inji ya yi tari ya mutu, muka ji ƙasan jirgi ya yi gurrr ya tsaya cik. Mai jirgi ya ce kowa ya sauka. A Damagaram in an ce wa mutum ya sauka daga mota, ƙasa zai taka. A nan kuwa ruwa ne gabas da yamma. Na yi kalmar shahada, na riƙo hannun yarona na fara wasiyya. Na yafe masa kuɗin babur da na ranta masa. Na gaya masa akwai ɗan abin da na ɓoye cikin tsohuwar rediyo a ɗakina, wanda uwargida ba ta san da shi ba. Na ce a nemi gafarar maƙwabcina a kan maganar akuya. Na rufe ido na yi tsalle.

Ruwan bai kai mini gwiwa ba.

Haka muka yi ta tura jirgi a kan rairayi, babbar riga ta sha ruwa tana ja na baya, takalmi ɗaya ya zauna a laka ya ƙi biyo ni, kilishi ya koma ɗanyen nama. Bafillacen yana turawa yana tambaya ta labarin akuya. Da muka samu zurfi muka koma ciki, sai ga wani baƙin abu kuma a gaba. Don in nuna na waye, na ce wa mai jirgi ya matsa kusa da dutsen a ɗauke ni hoto. Dutsen ya kaɗa kunnuwa, ya yi hamma. Mai jirgi bai ce uffan ba, ya juya can nesa da shi, kuma a karo na farko ba wanda ya yi dariya. Mun isa Bubon kasuwa ta watse. Kafin in koma Damagaram kuwa labarin rediyo ya riga ni isa gida, kuɗin babur kuma yaron ya ce yana da shaidu cike da jirgi.

Tunda na biya kuɗin makaranta, ga karatun kyauta. Na farko, kogi yana da lokacinsa. A Yamai sau biyu yake cika: jan ruwa na damina a Agusta da Satumba, mai ƙarfi da ambaliya, sai ruwan Gine wanda ke daɗewa a fadamun Mali ya iso da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan na biyun shi ne na yawo, ruwa cike, iska da daɗi. Mayu da Yuni kuwa lokacin tura jirgi ne. A 1985 ma kogin tsayawa ya yi cak a Yamai.

Na biyu, rigar ceto ta fi babbar riga, kuma jirgin da ba shi da ita ba shi da araha. Kada ka shiga wanda aka yi wa lodin wuce kima, kada ka yi tafiyar dare. A Yunin 2023 mutum sama da 100 suka rasu a Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare, a wannan kogi dai. Ka zauna inda aka ajiye ka, ka bar dorina ta yi harkarta, ka kuma tambayi halin tsaro kafin ka nufi wajen Ayoru.

Na uku, ga mai hangen manyan jirage. Na kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu, ya fi dacewa da ɗan tudu, domin gaɓa ba ta ɓace maka kuma ba igiyar ruwa mai juya hanji. Na teku kuwa, waɗanda suka hau sun ce kuɗin da ke jikin talla somin-taɓi ne: akwai biza, da tikitin jirgin sama zuwa tashar, da tukwicin ma'aikata, da intanet, da yawon gari duk inda aka tsaya. Ɗakin da ba taga ya fi sauƙi, na tsakiya kuma ƙasa-ƙasa ya fi ƙarancin jijjiga. Ka tambayi abincin halal tun kafin ka biya, ka kuma sani alƙibla tana juyawa duk lokacin da matuƙi ya juya. In ka makara a gari, jirgin tashi zai yi, ba ya jiran kowa ko da sarauta gare shi.

Hukuncina shi ne yawon ruwa ya cancanci kuɗinsa, amma daki-daki. Badamagare ya fara da tafkin Gidimuni, ya je Yamai da sanyi, in cikinsa ya amince sai ya yi maganar teku. Kuma duk abin da zai faru, kada ka yi wasiyya sai ka auna zurfin ruwa da sanda.