Ladubban Aika 'Yan Fuskoki a Waya

Ka sani, ya kai mai karatu, Allah ya ƙara maka basira, cewa 'yan fuskokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira emoji, waɗanda suka cika wayoyin teloli da masu tsire na Briqueterie har zuwa dillalan kasuwar shanu ta Etoudi a birnin Yawunde, fanni ne mai asali da hukunce-hukunce, kuma duk wanda ya kutsa cikinsa da jahilci ya sayi abin kunya da kuɗin datarsa.

Salsalarsu dai ita ce, ran 19 ga Satumba 1982, wani masanin kwamfuta na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, Scott Fahlman, ganin yadda abokan aikinsa ke ɗaukar wasa a kan gaske, ya ba da shawarar a riƙa liƙa :-) a jikin barkwanci. A 1999 Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin NTT DoCoMo na Japan alamomi 176, a 2010 kuma Unicode ta shigar da emoji cikin kundinta, suka bazu har Yawunde.

Mas'ala ta farko: fuskoki masu hawaye iri biyu ne, ɗaya kuka take yi, ɗayar kuwa dariya ce ta ci ƙarfinta. Saboda haka wajibi ne ga duk mai ta'aziyya, musamman wanda ido ya fara yi wa gardama, ya sa tabarau ya duba bakin fuskar kafin ya danna, domin aika ta biyun ƙarƙashin sanarwar rasuwa ɓarna ce wadda share saƙo ba ya gyara ta.

Mas'ala ta biyu: babban yatsa. Idan surukinka ya rubuto sallama, ya tambayi iyali da gajiya da ruwan damina, makaruhi ne mai tsanani ka mayar masa da yatsa guda. Rubuta "Lafiya lau, Baba", ka bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya. A ciniki kuwa haɗarinsa ya fi haka, gama a 2023 wata kotu a Saskatchewan ta Kanada ta hukunta cewa yatsan da wani manomi ya aika ya ƙulla ciniki, ta ɗora masa biyan dalar Kanada sama da 82,000. To, in an taya bijiminka ta WhatsApp da kuɗin da bai yi maka ba, rubuta "albarka" da haruffa, kada yatsa ya sallama a madadinka.

Mas'ala ta uku: hannayen nan biyu da ke haɗe, an yi saɓani a kansu, wasu na cewa addu'a ce, alhali a wurin Japanawa godiya ce ko roƙon arziki. Fita daga saɓani mustahabbi ne, ga shi kuwa tun 2017 an samar da tafuka biyu a buɗe, bayan masallaci da carbi da suka zo a 2015.

Mas'ala ta huɗu: jar zuciya halal ce ga iyali, da sharaɗin adalci. Mai mata biyu ya ƙirga abin da ya aika wa kowace, kada ɗaya ta sami uku ɗaya ta sami biyu, domin wayar uwargida da ta amarya a wuri ɗaya ake yi musu caji. Wallahu a'alamu.