Tafiyar Ƙasa Sai da Takardar Likita

A Tambuwal, idan aka ga magidanci mai rufin asiri yana tafiya a ƙasa, tambaya ɗaya ce: "Alhaji, lahiya? Mi ya samu motar?" Idan ya ce ƙalau take, iska kawai ya fito sha, kafin la'asar labari ya kai Jabo cewa karayar arziki ta same shi. Kafin magariba a Dogon Daji an fara lissafin masu bin sa bashi.

A wurinmu ƙafa abin hawan talaka ce. Saurayin da ya sayi babur jiya, yau ba ya iya zuwa masallacin ƙofar gidansu sai ya tayar da shi. Wanda bai da babur kuma gara ya tsaya rabin sa'a a rana yana jiran ɗan kabu-kabu da a gan shi ya taka zuwa kasuwa.

Ga shi kuwa Allah bai rage mu da wurin takawa ba. Gangara Kebbe bayan kaka ka ga Gulbin Zamfara ya biyo daga Gummi ya nufi Jega, fadama ta yi shar da shinkafa da albasa, giginya da tsamiya da kanya sun yi inuwa, masunta na jan koma, shanu na gangarowa mashaya. Tambuwal kanta garin tarihi ce, ribaɗin da Buhari ɗan Shehu Usmanu ya kafa. Magabatan da suka yi wannan aiki sun sha ratsa dazuzzukan nan a ƙasa. Jikokinsu kuwa sai an rufe gilashi an kunna sanyi.

A Ingila tun 1951 suka fara keɓe tsaunuka da kwaruruka domin masu yawon shan iska. Bature zai sayi takalmi na musamman da sanda mai tsada, ya yini yana tafiya, ya dawo yana alfahari. Makiyayinmu kullum yana yin ninkin wannan da sandar da ya sara a daji, mu kuma mu ce masa baƙauye.

Sai ranar da 'yan birni suka zo hutun Sallah ake tunawa da gulbi. Su ma a mota za a kai su har baki. A fito da farar shadda, a roƙi masunci aron kwalekwale, a zauna ciki yana ɗaure a gaɓa, a ɗaga homa kamar ana tsakiyar bikin Argungu. Hoto ya hau Facebook, a koma mota. Ba wanda ya tambayi mai kwalekwalen sunansa, balle kifin da ya kama.

Mutum ɗaya ne ke iya sauko da Alhaji daga mota: likita. Da zarar an ce sukari ya hau, jini ya hau, kuma masana lafiya na duniya sun ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, sai tafiya ta zama ta manya. Za a sayo kayan motsa jiki daga Sakkwato, a fita da asuba kada maƙwabta su gani, direba na bin sa a baya sannu a hankali, ko da gajiya za ta zo. Wani ma na'ura zai saya ya girke a ɗaki, ya yi ta tafiya bai je ko'ina ba, alhali gulbi na nan kyauta.

Kyautar ce matsalar. Shawarata ga ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe: a kafa ƙofa a bakin fadama, a sa mai gadi da hula, a yanka tikiti mai tsada, a rubuta cewa ba kowa ake bari ba. Wallahi, har da masu neman alfarma za a gani a layi.