Ɗalibin da Ya Yi Wasiyya Saboda Kwalli

Akwai wani ɗalibin ajin ƙarshe da zan sakaya sunansa, domin ni ne. Aikinsa na kammala digiri shi ne auna dalma a cikin jini. Ya zaɓi batun ne saboda abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwaji ya karanta masa dokoki. Kwalabe su kwana a ruwan asid na nitrik, a ɗauraye su da tataccen ruwa. A zuba jinin a kwalba mai maganin hana daskarewa, domin yawancin dalmar tana cikin jajayen ƙwayoyin jini. A sa safar hannu, kada a taɓa komai. Abin da ake nema bai kai ƙwayar ƙura ba.

Ɗalibin ya ce ya ji. Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci, ya rangaɗa kwalli, ya ba da jininsa a matsayin na mai lafiya. Yana cikin tsarma jinin sai ido ya yi masa ƙaiƙayi. Ya murza da safar, ya ci gaba da aiki.

Na'ura ta nuna maikurogiram 60 a kowace desilita. Daga 5 Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a binciki inda gubar ta fito. Gogan naku ya zauna daɓas. Kafin magariba ya kira gida ya nemi gafara, ya raba littattafansa, ya yafe wa abokin ɗakinsa bashin naira dubu biyar.

Washegari dattijon ya dubi takardar, ya dubi idonsa, ya ɗago tsohuwar safar daga kwandon shara. Yatsa ɗaya baƙi ƙirin.

"Yaro, da me ake yin kwallin dutse?"

"Da dutse, Baba."

"Dutsen dalma ne. Idonka ka auna, ba jininka ba."

Aka sake ɗibar jini da sabuwar kwalba, sakamako ya faɗo ƙasa warwas. Baba ya ƙwace tandun kwallin, ya ce mai yawan shafawa ma yana iya shigar masa jini.

Littattafai sun dawo. Abokin ɗaki kuwa ya ce yana da shaidu biyu.