Zuwa ga Bayarabena na Dabokpa, Kocin Ranar Gasa

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Ya barkono, ya man ja, ya amala? Na san kafin ka kai ƙarshen layin nan ka fara ɗaga murya kana tara jama'a, to ka sassauta, maƙwabtanka na Dabokpa ba su yi maka laifin komai ba. Bagobiri ne ke magana, kuma tun kaka da kakanni idan Bagobiri ya buɗe baki, Bayarabe tsugunawa yake ya kasa kunne.

Labari ya iske ni cewa tun ranar da aka lallasa yaranka a gasar ƙwallon kwando, ka rataye usur a ƙusa, ka tura ƙwallo ƙarƙashin gado, ka sallami kowa wai an shiga hutu, sai an ji sanarwar wata gasar. An ce ƙwallon ya sace, raga ta tsinke, ƙarfen kwandon ya karkace har awaki sun mayar da filin wurin shan inuwa. Bakinka ne kaɗai bai tafi hutu ba. Kullum da yamma kana teburin mai shayi kana buga ƙirji, wai kwando a jinin Yarbawa yake, ga Hakeem Olajuwon, ga Giannis wanda asalin sunan gidansu Adetokunbo ne. Ban musa ba, naku ne. Amma zauna in ba ka labarinsu, ka ga inda kuka raba hanya.

Olajuwon a Legas aka haife shi a 1963. Tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana haɗawa da ƙwallon hannu, bai san kwando ba sai da ya zama saurayi. Da ya isa Jami'ar Houston a Amurka, benci ya fi ɗumamawa. Ya tambayi masu horar da shi yadda zai yi a riƙa sa shi wasa, suka ce ya nemi Moses Malone, wanda a lokacin shi ne dodon ƙungiyar Houston Rockets. Malone kuwa idan an tashi daga kakar wasa, a wani zauren wasanni na gari mai suna Fonde yake yini. Can yaron Legas ya tare duk hutun, ƙato yana ture shi da kafaɗa, yana danne shi a ƙarƙashin kwando, yana ƙwace masa ƙwallo, shi kuma gobe ya sake dawowa. Da aka koma makaranta, wani Hakeem ɗin daban aka gani. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, ya ci kofi a 1994 da 1995, har da azumi a bakinsa yakan shiga fili a watan Ramadan. Kai kuwa da an ga wata sai ka ce yara su huta har bayan Sallah.

Da ya yi ritaya, manya suka riƙa bin sa har gida a lokacin hutu don koyon sarrafa ƙafa a gindin kwando. Kobe Bryant ya je a 2009, watanni kaɗan bayan ya ɗaga kofi, ya kuma sake ɗagawa a 2010. LeBron James ya je a 2011 bayan Dallas ta kunyata ƙungiyarsa a wasan ƙarshe, shekarar da ta biyo ya ci kofinsa na farko da Miami. Wanda ya ci ya koma ɗaukar darasi, wanda aka ci ma ya koma. Kai da aka ci, shagon mai shayi ka koma.

Shi kuma Giannis, wanda ya taso yana tallar agogo da tabarau a titunan Atina, da Milwaukee ta ɗauke shi a 2013 na 15 ne a layi, siriri, maki 6.8 yake ci a kowane wasa a shekararsa ta farko. Kowane hutu sai ya dawo da ƙarin tsoka da wata sabuwar dabara. A 2017 aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa ci gaba, a 2019 da 2020 ya zama gwarzon ɗan wasan gasar. A 2021 'yan kallo suka sa shi gaba, idan ya tsaya a layin jifa sai su yi ta ƙirga masa daƙiƙa da ƙarfi don ya ruɗe, saboda an san nan ne rauninsa. A wasan da ya ba su kofi a kan Phoenix, jifa 19 ya samu daga layin nan, 17 suka shiga, ya tashi da maki 50. Wannan hannun a zauren da babu ɗan kallo ko ɗaya aka gyara shi.

Abin da kake kira hutu, a wurin ƙwararru canjin aiki ne kawai. Kakar NBA wasa 82 ce daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan zagayen neman kofi har Yuni. A tsakiyar wannan ba a samun sukunin gyara wa mutum jifa, yau ana wannan gari gobe ana wancan. Sai an tashi ne ake zaunar da kowa a gaban bidiyonsa, a nuna masa inda ake cin sa: kai hagunka mataccen hannu ne, kai ba ka komawa tsaron gida, kai numfashinka yana ƙarewa tun kafin a raba wasa biyu. A ba shi takarda, a haɗa shi da mai horarwa, mai kula da abinci, da mai sa shi ɗaga ƙarfe. A Yuli a kwashi ƙanana zuwa gasar bazara ta Las Vegas su goge. Kafin a shiga sansanin atisaye a ƙarshen Satumba, an riga an san wanda ya yi aiki da wanda ya yi barci.

Kuma kada ka ɗauka gidanku kaɗai ake haihuwa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a filayen can ya koyi wasa a hannun Koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello. Yana jagorancin Toronto aka ɗauko Pascal Siakam na Kamaru a 2016, na 27 a layi, yaron da bai fara kwando da gaske ba sai yana dab da shekara 18. Suka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ya yi ta gogewa, duk hutu kuma yana Los Angeles yana atisaye. A 2019 ya karɓi kyautar ci gaba, ya kuma ɗaga kofi. Nan Gana ma ga Ben Bentil: shekararsa ta farko a kwalejin Providence maki 6 da 'yan kai yake ci, hutu ɗaya ya shiga tsakani ya dawo yana cin 21, Boston ta ɗauke shi a 2016.

Na san uzurinka tun kafin ka kawo shi. Za ka ce garinku Tamale garin ƙwallon ƙafa ne, garin Real Tamale United da ta fito da Abedi Pele, kowane yaro filin Aliu Mahama yake mafarki. Za ka ce zafin Maris yana narkar da takalmi, ƙurar hunturu tana fasa leɓe, damina tana cika fili da ruwa. Duk gaskiya ne. Amma bayan sallar asuba akwai sanyi, bayan la'asar ma rana takan yi sauƙi. Ƙarfen da ya karkace kuma, kana unguwar da take da makarantar koyon sana'a sukutum, ga masu walda a bakin titi. Kuɗin da kake kashewa kan barkono a kasuwar Aboabo a wata guda ya isa a miƙe shi, a ɗaga shi mita 3.05 yadda doka ta ce, har a sami canjin raga da famfon hura ƙwallo.

Ba a fafe gora ranar tafiya, bawana. Ka sauko da usur, ka tara yaran nan. Kowane ɗaya ka zaɓar masa rauni guda ya yi ta fama da shi har ya kau. Wanda bai iya da hagu ba, ya riƙa buga ƙwallo da hagun daga ƙofar gidansu har fili. Dogon nan da kake tsayarwa a gindin kwando don tsawonsa kawai, ka koya masa juyawa a kan ƙafa ɗaya ba tare da ya ja ta ba. A sayi littafi a riƙa rubuta jifan kowa, nawa ya jefa, nawa suka shiga, don yaro ya ga ci gabansa da idonsa. 'Yan matan unguwa ma a ba su nasu lokacin. Wanda bai kawo sakamakon makaranta mai kyau ba, ya zauna a benci kusa da kai, tun da ka fi kowa sanin daɗinsa.

Idan ka yi haka, ranar gasa mai zuwa ni da kaina zan hau yalo-yalo in zo in tafa maka, har in ci amalarka in yi shiru. Idan kuma ka ƙi, to ka daina ambaton sunan Olajuwon a teburin mai shayi, ka miƙo wa ubangidanka usur ɗin, ka koma aikin da ya dace da kai, wato ɗauko wa yara ruwa.