Tafintan Indiya na Tamawa

A gidanmu na Tamawa an daɗe da sallama mini cewa ina jin Indiyanci, don ba wanda ya taɓa gwada ni. Hujjata ita ce na sha kallon Sholay na 1975, na san Dharmendra da mutanenmu suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, na kuma haddace abin da ake faɗa in za a yi kuka da wanda ake faɗa in za a kira ɗan sanda. Da wannan ɗan jarin nake cin kasuwata.

Gab da Ƙaramar Sallah na shiga Dutsin-Ma, na miƙa wa wani mai tura finafinai memori, na ce ya zuba mini wanda za a kalla da iyali. Ya ce akwai na kaboyi mai ban dariya, ya tambaye ni ko mai fassarar Hausa nake so. Da yake shagon cike yake da jama'a, sai na gyara hula na ce fassara ai ta yara ce, ya ba ni gangariya.

Daren Sallah bayan isha'i aka baza tabarmi a tsakar gida. Na tada janareta, na jona lasifikar biki da na aro. Jarumi ya buɗe baki, ni ma na buɗe nawa, amma nasa kaɗai ya yi aiki. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

Ashe Irumbukkottai Murattu Singam ne na 2010, wanda Chimbu Deven ya ba da umarni, kuma da harshen Tamil aka yi shi, yaren jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya mai hedikwata a Chennai. Ɗan abin da nake tutiya da shi Hindi ne na finafinan Mumbai, kuma ko dangi ba su haɗa ba, kamar dai Hausa da Fulatanci. Kundin tsarin mulkin Indiya harsuna 22 ya lissafa, ni kuwa duk na ɗaure su a ƙulli ɗaya.

"Kawu, me ya ce?" in ji yara.

Ainihin labarin shi ne, Raghava Lawrence ya fito a matsayin Singaram, mai gadi matsoraci da aka yanke wa hukuncin rataya saboda wani lu'ulu'u ya ɓace a hannunsa. Mutanen garin Jaishankarpuram suka sace shi daga bakin igiya, domin yana kama da gwarzonsu Singam da ya ɓata, suna so ya tsaya musu a gaban wani azzalumi mai ido ɗaya, rawar da Nassar ya taka. A bakina kuwa rikicin gado ne: an sayar da gonar ubansa yana ci-rani, mai ido ɗayan kuma baffansa ne.

Abin ya tafi daidai har wata budurwa ta bayyana. Don gudun fitina na ce ƙanwarsa ce. Ban rufe baki ba aka saki kiɗa, suka shiga rausaya suna kashe wa juna ido. Inna, wadda ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ja mayafi ta ce, "Kai wannan, a garin nasu haka ake yi da ƙanne?" Na ce ai daga baya aka gano ba nono ɗaya suka sha ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Can sai ga sarkin wata ƙabila da gashin tsuntsu a ka, tafintansa na gefe yana kwaikwayon duk motsinsa. Ɗiyar ƙanwata, ɗaliba a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda tun ɗazu take latsa waya, ta ce, "Kawu, shi dai wancan yana jin abin da yake fassarawa." Ta karanto labarin tiryan-tiryan, har da bayanin cewa sunan garin karramawa ce ga Jaishankar, tauraron finafinan kaboyin Tamil irin su Ganga na 1972, kuma fim ɗin duka tsokanar irinsu yake yi. Ba gona, ba baffa.

Don in rufe dariyarsu na ƙure lasifika, daidai lokacin da aka fara ɓarin wuta a fim ɗin. Ba a jima ba aka buga ƙofa. Maƙwabta ne da tocila da gora, ga ɗan aiken mai unguwa a gaba. A ƙasarmu ta Kurfi ƙarar bindiga cikin dare ba abin wasa ba ce, kuma sun fi ni gaskiya. Na ba da haƙuri, wasunsu kuma suka nemi wuri a tabarma.

Da aka rage murya aka kuma sallami tafinta, sai kallo ya yi daɗi. Tsoron Singaram a fuskarsa yake, mugu kuma ba ya bukatar a gabatar da shi, har Inna sai da ta yi dariya da hawaye.

Saboda haka mai karatu, in za ka saya wa iyali fim ɗin Indiya, ka tambayi yarensa, ka karɓi mai fassara ko da idon jama'a na kanka, in kuma na kaboyi ne ka bar lasifikar biki a gidan mai ita.