Ƙailular Akawu

Malaman fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, sun kwaɗaitar da mu ƙailula domin jiki ya samu sararawa, amma ba su fayyace hukuncin akawun da, ana sallame Azahar, zai kishingiɗa a gindin darbejiya ya zaro waya, ya duƙufa kan ludo yana roƙon shida da khushu'in da bai kai shi masallaci ba. Da aka katse layukan sadarwa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa cikin Satumban 2021 saboda tsaro, an zaci wayoyi za su huta. Ashe ludo bai san sabis ba, caji kawai yake nema. Dattawan da ke inkarin wannan bidi'a kuwa, dara ce ke riƙe su har La'asar.